Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hoton Dashe a Bakin Teku

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan makon zan jingine labarin kaina, domin masu karatu daga Samaru da Tudun Wada sun matsa a yi musu bayanin aikin kansa: yadda ake dashen mangurof da yadda kyamara ke shaidar ko dashen ya kama.

Mangurof itace ne da ke rayuwa cikin laka da ruwan gishiri, saiwoyinsa a tsaye a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawansa, galibi a Neja Dalta. Abubuwa uku ke cinye shi: saran itacen girki, malalar man fetur irin ta garin Bodo na Jihar Ribas a 2008, da kabar nifa, wata irin kaba ta bakin teku da aka shigo da ita Kalaba a 1906, wadda ke mamaye duk inda aka sare.

Irin jan mangurof a jikin uwar yake tsira, dogo kamar ɗan zogale. Ana soka kashi ɗaya cikin uku nasa a laka, kan tsiron a sama, da tazarar mita 1 zuwa 1 da rabi. Wannan shi ne mai sauƙin.

Wahalar tana wajen zaɓen wuri. Mu da muka saba da Kubanni da Galma, ruwa sai damina yake cika. Teku kuwa sau biyu take cika ta janye kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Dashen da aka yi can ƙasa, inda ruwa ke daɗewa a kansa, shaƙewa yake yi ya mutu. Wanda ya yi tudu da yawa, gishiri ya ƙone shi. Ƙaguwa kuma ta ci rabonta. Shi ya sa hoton ranar dashe, da mutane a jere cikin sababbin riguna, ba ya burge ni ko kaɗan.

Hoton da ke da amfani shi ne wanda ake maimaitawa. A kafa turke a shafa masa fenti, a rubuta lambar wurin daga GPS, na'urar nuna wuri, da tsayin kyamara da inda ta fuskanta. A tsayar da sanda mai mita 2 cikin dashen, a yi mata zobba fari da ja kowane santimita 10. Duk wata 3 a dawo kan turken nan, da gilashin kyamara iri ɗaya, kuma lallai lokacin da ruwa ya janye. In an ɗauka ruwa na cike, gawar dashen ɓuya take yi, fili ya yi kyau alhali rabinsa ya tafi.

Kayan aiki ma sai an kula. A Zariya ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, can kuwa danshi da gishiri ne. Gilashi yana yin funfuna, ƙusoshi su yi tsatsa. A ajiye kyamara cikin roba mai murfi tare da ƙwayoyin tsotse danshi, irin na kwalin sabon takalmi. Ƙafafun kyamara a ɗauraye su da ruwan daɗi duk yamma, a kuma shimfiɗa musu katako kafin a kafa, in ba haka ba laka ta ja su a hankali hoton ya karkace.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar renon dashe a leda.