Inda ake sayen altaneta: abin da aikin rewaya ya koya mini

Idan jar fitilar nan mai hoton batir ta kama a dashbod, mai mota yakan iso gareji da tambayarsa a shirye: "Malam, sabuwar altaneta zan sayo ko 'yar Beljiyam?" Shekarun da na yi ina aikin rewaya a Kano sun sa na daina gaggawar amsa masa. Sai in ce ya buɗe bonet tukuna, domin altaneta, wato na'urar da ke caja batir idan inji yana aiki, da yawansu da ake cirewa a garin nan lafiyarsu ƙalau.

Mitar auna wuta ce alƙali. Batir mai lafiya, mota a kashe, yakan nuna wajen bolt 12.6. Idan aka tayar da inji ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, kuma ya tsaya a nan ko an kunna fitilu da esi. In ya tsaya a 12 yana sauka, caji ba ya shiga. In ya haura 15, katawut, wato abin da ke daidaita wutar altaneta, ya lalace, batir zai yi ta tafasa, ƙwayayen fitila su yi ta ƙonewa. Amma kafin a yanke wa altaneta hukunci sai an duba fambel, wato bel ɗin da ke juya ta, ko ya saki, an duba kan batir ko farin gishirin nan ya cinye shi, an duba babban fiyus da wayar da ke kama jikin mota. Akwai wani gwaji da har yanzu wasu abokan aikinmu ke yi, na zare kan batir inji yana aiki a ga ko mota za ta mutu. A zamanin Fijo 504 ana yi a wuce lafiya. A motar da ke da kwamfuta kuwa, wutar da ke tsalle a wannan daƙiƙar tana iya ƙone abin da ya ninka altaneta tsada. Duk wanda ya kai hannu zai yi wa motarka haka, riƙe hannun.

To, a ce an tabbatar altanetar ce ta lalace. Wurin farko da nake kai mutum shi ne teburin gyara. Abin da ke mutuwa a cikin altaneta ƙanana ne: kabon guda biyu da ke gogar zoben tagulla har su ƙare, boris na gaba da na baya da ƙurar hunturu ke cinyewa, katawut mai daidaita wuta, sai dayod da ke juya wutar ta zama irin wadda batir ke karɓa. Dayod ɗaya in ya huje, mota za ta yi caji da rana, ta kwana, da safe batir ya wayi gari babu komai, mai ita ya yi ta zagin mai sayar da batir. Duk waɗannan ana canza su. Altanetar da mota ta fito da ita daga kamfani, Denso a Toyota da yawancin Honda, Bosch ko Valeo a Golf da Fijo, tagullarta da ƙarfenta sun fi na galibin abin da za ka tarar a kasuwa. Ba na ba da shawarar gyara idan kwayil, wato naɗin wayar tagulla da ke cikinta, ya ƙone ya yi baƙi yana wari, ko zoben ya cinye ya yi rami, ko gidan ya tsage. Sake naɗa kwayil da hannu ana yi, wasu ma sun ƙware, sai dai ban cika ganin ta daɗe a motar da ke aikin dare da esi ba.

Idan gyara ya ƙi, sai kasuwa. A Kano Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo, uwarsu kuma Ladipo da ke Mushin a Legas. Abin da muke kira Beljiyam ba lallai daga can ya fito ba. Kayan motocin da aka farfasa ne a Turai da Amurka, da na Japan da ke biyowa ta Dubai, su sauka a Legas ko Kwatano. Kyawunsu shi ne na asali ne. Matsalarsu, babu wanda ya san tafiyar da suka yi kafin su zo hannunka, har mai shagon. Wata an ciro ta daga motar da ta yi hatsari tana sabuwa, wata daga motar da ta tsufa ta gaji, kuma a tuli ɗaya suke, kuɗi ɗaya.

Ga kuma wadda ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba. A kowace kasuwa akwai masu tattara matattun altaneta na gida, su wanke da fetur, su sa kabon mai araha, su fesa fenti ruwan azurfa, ta koma tuli a matsayin sabuwar sauka. Ni tsabtar da ta yi yawa ita ke fara ba ni tsoro. Ta gaskiya takan zo da dattinta, wani lokaci da tsatsar gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ina duba kan kusoshi ko sufana ta taɓa cin su, ina duba ko fenti ya hau kan soket da takardar lamba, ina leƙa tagulla ta ramukan iska, in sansana. Sai in juya fuli, wato inda fambel ke hawa, da hannu kusa da kunne: boris mai lafiya shiru yake, ba ya ƙara, ba ya girgiza. Gwajin da ake yi a bakin shago, a haɗa batir da ƙwan fitila a juya ta, yana nuna tana caji ne a sanyi babu kaya a kanta. Da yawa sai sun yi zafi, an ɗora musu fitilu da fanka da esi, sannan halinsu ke fitowa.

Wannan ya sa abin da na fi ba muhimmanci yanzu shi ne maganar da za a ƙulla kafin kuɗi ya bar aljihu. Kwana nawa ne garanti? In ta ƙi, canji za a yi ko kuɗi za a mayar? In babu irinta a shagon ranar da aka dawo fa? Mai shagon kirki zai sa alamarsa a jikinta da fenti ko maka, ya rubuta kwanakin a rasit, ya ce, "Alhaji, je ka ɗaura, in ta ba da matsala dawo da ita, amma kar a buɗe ta." Sharaɗi ne mai kyau, ni ma ina kiyaye shi. Wanda ya ce kayan wuta ba a dawowa da su, ko nawa ya rage maka, bar masa abinsa. Wasu masu mota suna jin nauyin tsananta irin wannan tambaya, kamar suna zargin mutum. Babu abin kunya a ciki. Ko a littattafan fiƙihu akwai babin cinikin da aka yi sharaɗin zaɓi, da na mayar da kaya saboda aibi. Kwana uku zuwa mako ɗaya yakan isa, matuƙar za a yi amfani da motar sosai a cikinsu, da dare, da komai a kunne, ba a ajiye ta a gida garanti ya ƙare ba.

Garanti kuwa sai da shago. Yaran da ke tare ka a bakin kasuwa suna "Oga me kake nema?" ba su da shago, kamasho suke ci, gobe ba lallai ka gan su ba. Wani direban Sharon da nake yi wa aiki ya saya a hannun irinsu saboda ragin da bai kai kuɗin fasinja biyu ba. Ta mutu masa da dare bayan Potiskum, batir ya ja shi ɗan nisa da fitilu suna dusashewa, sannan komai ya ɗauke, ga mata da yara a mota. Da ya koma kasuwa, shagon da aka shiga aka ɗauko ta suka ce ba su san shi ba, kuma gaskiyarsu, ba shi suka sayar wa ba.

Sabuwa kala uku ce. Akwai ta asali daga dilan da kamfani ya amince da shi; tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin mutane, amma motar asibiti ko ta ma'aikata da ke doguwar tafiya ita ta dace da su. Akwai 'yar Caina mai ɗauke da sunanta na gaskiya, wadda ba na raina ta: ka san abin da ka saya, wasu kuma suna aiki daidai kuɗinsu. Ta ukun ce mugun iri, jabu a cikin kwalin babban kamfani. Ɗaga ta ka ɗaga tsohuwarka, za ka ji ta fi sauƙi domin an rage tagulla, kuma ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba ta kai shi. Idan aka ce maka ga sabuwar Denso a kwali ƙasa da kuɗin 'yar Beljiyam, araha ba ta ado.

Ko ina za a je, a tafi da tsohuwar a hannu. Sunan mota da shekara ba sa wadatarwa, domin Camry 'yar Amurka da wadda aka yi don ƙasashen Larabawa suna iya bambanta. A gwada ƙafafun da ake ɗaure ta, yawan layukan fuli, ƙarfin amfiya da ke kan takarda, da bakin soket, mai uku ne ko mai huɗu. Toyota da yawa na bayan 2007 fulinsu mai kuloci ne a ciki, yana sakin jiki ta gefe ɗaya. In aka sa mai fuli sandararre, fambel zai riƙa kaɗawa yana cin tenshina, wato abin da ke ɗame fambel ɗin. A Honda da Ford da motocin Jamus na baya-bayan nan kwamfuta ce ke gaya wa altaneta yawan cajin da za ta yi. Idan soket bai shiga ba aka ce a yanke waya a haɗa, fitilar batir ba za ta mutu ba, ko cajin ya riƙa hawa da sauka. Sayayya ta waya daga Legas, a turo hoto a WhatsApp a sako a mota, ina yarda da ita ne kawai ga motar da kayanta ba sa samuwa a kusa, da lambar kayan ko lambar shasi, kuma bayan an yi magana a kan wanda zai biya kuɗin mayarwa.

Mu ma masu aikin ba a bar mu a baya ba. Idan ka ba bakanike kuɗi ya aiki yaro kasuwa, sau da yawa akwai la'adarsa a ciki, kuma shagon da ya fi ba shi ba lallai ne ya fi kaya mai kyau ba. Ni ban ga laifin la'ada ba in an faɗe ta a fili. Hanya biyu ce mai tsabta: ko ku tafi tare ka biya da hannunka, ko ka bar masa sayen gaba ɗaya, garanti ya koma wuyansa, har da kuɗin sake kwancewa. A wasu motocin sai an cire fanka ko an saki ƙafar inji kafin ta fito, aikin ba na wasa ba ne.

Tsohuwar kuma taka ce, kar ka bar ta a gareji. Wasu shagunan suna karɓarta su rage maka kuɗi, 'yan gwangwan suna saye saboda tagulla, ko ka gyara ta ka ajiye. Kafin a ɗaura wadda aka sayo, a nemo abin da ya kashe ta farkon: baƙin mai da ke ɗiga mata daga murfin inji ko famfon sitiyari, ruwan da masu wankin mota ke fesa mata tana da zafi, wayar jan wuta da aka taɓa haɗawa a juye, ko batir da ya mutu yana sa ta aiki ba hutu. A caja batir ya cika kafin a tayar da mota, sannan a sake ɗora mita a gaban mai ita ya ga lambar da idonsa.