Furojek ɗin da ya yi aiki na minti biyar

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu duba furojek ɗin ɗaliban fasahar injiniya na shekarar ƙarshe ya san yadda abin yake tafiya. Yara huɗu ko biyar za su shigo riƙe da wani akwati an sha masa fenti, ɗaya ya danna maɓalli, fitila ta kama, wani abu ya yi ƙara a ciki, kowa ya yi ajiyar zuciya, a yi musu tambaya biyu ko uku daga babi na ɗaya, a ba da maki, a ɗau hoto, shikenan. Bayan wata guda akwatin na saman kabad yana shan ƙura, kuma in ka sauko da shi ka jona da wuya ya sake tashi. Ni dai abin da ke damuna shi ne makin nan kusan gaba ɗayansa a kan minti biyar ɗin nan ake bayarwa, alhali aikin da yaron zai je ya yi in ya gama karatu shi ne ya sa na'ura ta yi ta aiki wata da watanni, in ta tsaya ya gano dalili.

Bari in ɗauki misalin da kusan kowane malami ya gani har ya gaji, wato na'urar da ke kunna famfo in ruwan tanki ya yi ƙasa ta kashe in ya cika. A takarda abu ne mai sauƙi, Arduino ɗaya (ɗan allon kwamfuta mai ba da umarni), sensa mai gane inda ruwa ya kai, rile (makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa), famfo. Kod ɗin ma, wato umarnin da ake rubuta wa Arduino, yana nan birjik a intanet. To amma ga abin da yake faruwa a kan tebur. Ƙafar Arduino Uno ana so a ja kamar miliamfiya 20 ne (ma'aunin wutar da ke gudana) daga jikinta, 40 ita ce iyakar da in ka wuce ka fara wasa da ranta, shi kuwa ƙaramin rile mai bolt 5 yana cin wajen 70, kenan dole sai an sa tiranzista a tsakani don ta ɗauke wa Arduino nauyin. Yaron da ya kwafo zane zai sa tiranzistar tunda ya gan ta a hoto, amma sai ya manta da dayod ɗin (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) da ake ɗorawa a kan nannaɗaɗɗiyar wayar rile, don a ganinsa ado ce. Nan ne wasan yake. Duk lokacin da aka yanke wa rile wuta, wayar nan takan maido da wani bugun lantarki mai ƙarfi ta baya, dayod ɗin ne ke shanye shi, in babu shi sai ka ga Arduino ta rikice ta fara daga farko, ko tiranzistar ta mutu shiru ba hayaƙi ba wari. Wannan abin an koyar da shi a lakca, yana cikin littafi da lissafinsa, yaron ma wataƙila ya ci tambayar a jarrabawa, amma bai taɓa haɗa shi da wani abu da hannunsa ya taɓa ba.

Ba a nan ta tsaya ba. In aka ce famfo ya kama kuma ya mutu a layi ɗaya na ruwa, da zarar ruwan ya fara kaɗawa sai rile ya dinga tak tak tak yana kunnawa yana kashewa, kafin ka ce me injin famfon ya yi zafi. Maganin shi ne a bar tazara, ya kama in ruwa ya sauka can ƙasa, ya mutu sai ya kusa baki. Sannan in sensar wayoyi biyu ce tsirara a cikin ruwa ana ba su wutar DC, irin ta batir, kullum, a hankali ƙarfen zai dinga cinyewa har karatun ya koma ƙarya. Duk ukun nan babu wanda zai nuna kansa ranar difens, wato ranar gabatar da furojek. Sai an bar na'urar a kunne kwana da kwanaki sannan suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi abin da yaro zai koya a wannan zaman jiran da gyaran ya fi rabin abin da ke cikin rahotonsa mai shafi tamanin.

Wannan ba wani sabon tunani ba ne da ni na ƙirƙiro. A shekarar 2000 jami'ar MIT ta Amurka da jami'o'i uku na Suwidin, wato Chalmers da KTH da Linköping, suka fito da tsarin da ake kira CDIO, haruffa huɗun suna nufin a yi tunanin abu, a tsara shi, a ƙera shi, sannan a tafiyar da shi. Mu yawanci a na uku muke tsayawa, wasu ma a na biyu da rabi. Jami'ar Aalborg ta Denmak kuwa tun da aka buɗe ta a 1974 ta ɗora karatunta a kan matsala da furojek, kusan rabin lokacin ɗalibi a kowane zango yana tafiya ne a aikin gurup, tun daga shekarar farko, ba wai sai an zo ƙarshe a jibga masa abu ɗaya ƙato a ce ya nuna bajinta ba. Kuma ita fasahar injiniya ai da ma an bambanta ta da injiniyanci zalla, shi ya sa bayan yarjejeniyar Washington ta 1989 da ta shafi amincewa da digirin injiniyoyi tsakanin ƙasashe aka sake yin ta Sydney a 2001 don masu fasahar injiniya, mutanen da aikinsu ya fi karkata ga haɗawa da gwadawa da kula da kayan aiki. To in haka ne me ya sa za a koyar da su kamar masu shirin rubuta littafin lissafi?

Akwai ma wani bincike da Scott Freeman da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, suka tattara nazari 225 a kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka samu cewa a ajin da malami ke ta zuba lakca shi kaɗai kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa, a ajin da ake sa ɗalibai suna aiki da kansu kuwa kusan kashi 22. Ba ƙaramar tazara ba ce wannan.

Amma fa kar wani ya ɗauka ina cewa a watsar da allo a koma wakshop kawai. Na ga inda aka yi hakan abin ya zama shirme, yara suna ta jona wayoyi da sa'a, in ya kama alhamdulillahi in bai kama ba a canza waya, ka tambayi mutum me ya sa ka sa rezista (mai rage wutar da ke wucewa) mai om 220 a gaban wannan jar fitilar ya ce haka ya gani a YouTube. Alhali lissafin layi ɗaya ne, bolt 5 ka cire kusan 2 da fitilar ke ci, saura 3, ka raba da 220 ka samu wajen miliamfiya 14. Abin da nake so shi ne ya yi lissafin, sannan ya ɗau mita ya auna, ya ga lambar ta ɗan sha bamban, ya zauna ya yi tunanin dalili. Lakcar minti ashirin bayan yaro ya ƙona fitila ɗaya tana shiga kai fiye da ta awa biyu kafin ya taɓa komai, wannan kam na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Sai maganar gurup, wadda kowa ya san gaskiyarta amma ake kawar da kai. Mutum biyar, ɗaya ne ke aikin, ɗaya ya iya magana shi zai yi bayani, ɗaya ya buga rahoto, sauran biyun kuɗi kawai suka bayar. Wani lokacin ma duk biyar ɗin kuɗi suka bayar, wani can a waje ya haɗa musu. Yanzu kuma ga manhajojin da za ka faɗa wa abin da kake so su rubuto maka kod cikin daƙiƙa goma. Ni ban ga amfanin malami ya zama ɗan sanda yana farautar wanda ya kwafa ba, ba zai taɓa gamawa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ranar difens a ce su fita waje, malami ya zare waya ɗaya ko ya juya dayod ko ya canza lamba guda a kod, a kira su ɗaya bayan ɗaya a miƙa wa kowa mita a ce bismilla, nemo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya yi aikin za ka ga ya fara da duba ko wuta na shiga, ya bi ta mataki mataki, ko bai gano ba ka ga yadda kansa ke tafiya, wanda bai yi ba kuwa zai tsaya yana jujjuya akwatin yana kallon silin.

Haka kuma littafin aiki na hannu, da biro, da kwanan wata. Yau mun auna kaza mun samu kaza, mun zaci kaza ne ashe ba shi ba ne. Ni da zan raba maki, wannan littafin zai ɗauki kaso mai tsoka, ya fi babin nazarin ayyukan baya da kowa ya san kwafe ne daga na bara. Kuma rukunin da na'urarsu ta ƙi tashi amma suka iya nuna da awo daidai inda matsalar take, ban ga dalilin da za a kayar da su ba.

Na san abin da malamai za su ce, aji ya yi yawa, kayan lab ba su isa ba, lokaci babu. Gaskiya ne, duba mutum ɗari ɗaya bayan ɗaya da mita ba wasa ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba nauyin, tun a tsakiyar zango gurup A su saka wa na'urar gurup B matsala su rubuta abin da suka taɓa a takarda su ba malami, B su nemo, sannan a juya. Yara suna son wannan sosai don akwai 'yar mugunta a ciki, kuma kafin ka iya ɓata abu yadda zai yi wuyar ganowa dole sai ka fahimci yadda yake aiki. Akwatunan saman kabad ɗin ma a sauko da su a raba wa 'yan shekara ta biyu tare da rahotannin, a ce su tayar da su, su rubuta duk inda rahoton ya faɗi abu ɗaya suka buɗe suka tarar da wani daban.