Godiya: autanmu ya iso Maradi, shi da motar

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, auta ya shigo gida daren Talata ta Ɗan Isa, da ƙafarsa, da motarsa, baƙi wuluk kamar wanda ya yi aikin gawayi. Kun bi abin tun ranar da motarsa ta kafe a yashin bakin teku a ƙasar Benin, wayarsa kuma ta mutu, ba sai na maimaita duka ba, ƙarfin maimaitawar ma babu. Jiya Inna ta yi barci har aka kira assalatu ba ta motsa ba, karon farko cikin kwana tara.

Masu tambaya ta ina ya bi: tunda an rufe gadar Gaya da Malanbil, ta kan iyakar Nijar da Benin, tun 2023, ta Jibiya ya fita, Katsina, Kaduna, har Legas. Ya ajiye mota a Badagiri ya tsallaka tsibirin Geberefu da kwale-kwale, ya shiga Benin ta Seme, ya ga gidajen Ganbiye da ke tsaye kan turaku a tafkin Nokuwe, ya wuce Wida. Duk wannan lafiya lau. A Garan-Popo ne, kan siririyar hanyar yashi da ke tsakanin teku da kogin Mono, abin ya faru.

Mu ƴan Maradi muna ganin mun san yashi, kuma nan ne kuskuren. Yashin gulbi idan ya riƙe mota, jiranka yake har gobe. Na bakin teku agogo ke gare shi. Ruwa yana hawa kusan awa shida, ya sauka kusan awa shida, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Hawan ya fi tsanani a tsayuwar wata da kuma sha huɗu zuwa sha biyar ga wata. Jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya janye ya bari yana da tauri, mota na tafiya a kansa kamar kwalta, shi ke yaudarar baƙo. Da igiyar ruwa ta fara taɓa taya, duk komawar da za ta yi sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashi, motar ta riƙa zama a hankali har cikinta ya kwanta. Auta ya shiga da iska kilo 2,2 a tayoyi, iskar kwalta, ranar sha huɗu ga wata, bayan la'asar. Da ta kafe kuma ya taka mata wuta, tayoyin suka haƙa wa kansu kabari.

A wannan bakin ruwan masunta na jan raga ne daga tudu, mutum talatin ko fiye a kan igiya ɗaya, kuma aikin sa'o'i ne. Idan aka saki igiya, kifi ya tafi, abincin ranar ya tafi. Tsohon da ke ba su waƙa ya dubi motar, ya dubi ruwan, ya raba mutanensa biyu. Ba su jin Hausa, auta ba ya jin yarensu, ba wanda ya yi maganar kuɗi. Suka sauke iskar tayoyi zuwa kilo 1,2 don su baje. Suka haƙe gaban kowace taya da ƙarƙashin cikin motar da hannu da ɓawon kwakwa. Suka ɗora kirik a kan katakon kwale-kwale, don kirik shi kaɗai nutsewa yake, suka cusa ganyen kwakwa ƙarƙashin tayoyin. Igiyar ragar suka ɗaura a ƙugiyar ja ta ƙasa, inda ya kamata, ba su taɓa bamba ba. Tsohon ya ɗaga waƙa, suka ja. Ruwa na dukan ƙofa ta fito.

Auta ya kai hannu zai tayar da inji, wata tsohuwa ta buge masa hannun. Wannan bugun shi ya ceci motar. Inji idan ya shaƙi ruwa ta filtar iska aka murɗa makulli, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistan ce ke lanƙwashewa, daga nan sai sayen wani injin. Ɗanta yana da injin kwale-kwale, ta san abin. Ta koma bukkarta ta ɗauko ruwan saman da ta tara a randa, daro biyu, a wurin da rijiya ma gishiri-gishiri take, ta sa aka wanke injin da birki da shi. Auta ya ce da ta juye na biyun ya leƙa randar, babu ko na alwala. Mama, ban san sunanki ba, ba za ki karanta wannan ba. Allah Ya shayar da ke, Ya shayar da zuriyarki, Ya sa kada randarki ta sake bushewa.

An ce ba a kama suna a irin wannan, amma a yi mini afuwa. Dogo makanike na Sabon Gari, ka kwana a kan waya kana faɗa wa yaron gareji abin yi ɗaya bayan ɗaya: a cire kan baturi na baƙar waya tukuna, a buɗe filtar iska, a kwance buji huɗu a juya inji ya tofar da ruwa, a duba sandar mai. Man ya koma kamar kunun gyaɗa, ka ce a zubar a sake sau biyu, har da man ƙafafu na gaba da na baya. Kai ne kuma ka ce altanato, wato abin da ke cajin baturi, ba zai daɗe ba, don gishiri yana ci gaba da cin wayoyinsa bayan an bushe. Kwana biyu tsakani fitilar baturi ta kama a Aneho. Allah Ya ƙara basira, Ya buɗa kasuwa.

Malam mai tsire ɗan Tasawa da ke zaune a can, kai ka yi tafinta, kai ka ba shi tabarma kwana uku, da wayarka muka fara jin muryarsa. Allah Ya maido ka gida da arziki. Kawu na Bagalam da ya aika jika hamsin ba a roƙe shi ba, limaminmu da jama'ar masallaci da suka yi ta addu'a bayan kowace salla, matan unguwa da suka zauna da Inna har aka daina ƙirga kwanon tuwo, Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya tsare ƴaƴanku a hanya da gida, Ya raba ku da jiran waya da tsakar dare. Amin summa amin.

Muna da dangi a Kwatano, tafiyar awa biyu daga wurin. Wayarsu ta yi ta shiga. To, kowa da uzurinsa, mun gode da saƙon barka da ya zo jiya.

Da motar ta tashi, maimakon ya juyo, yaron nan sai ya wuce Lome, ya shiga Gana ta Afulawo, wai sai ya ga tsibiran Ada inda kogin Bolta ke shiga teku. Wannan shari'ar muna nan muna yin ta a cikin gida. Ya dai koyi ajiye mota a tudu wurin mai gadi, da yin cinikin kwale-kwale zuwa da dawowa tun kafin a shiga, da karɓar rigar iyo, da dawowa kafin iskar yamma ta taso. Waya da takardu a leda biyu za a ƙulle su. Nasa lasepase na duwan, wato takardar izinin wucewar mota, da katin inshora da katin allurar shawara duk sun jiƙe, kwafin da Inna ta tilasta masa ya saka a aljihun jaka shi ya fisshe shi a kan iyaka.

Za a yi saukar Alƙur'ani ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gida, kowa ya zo. Sannan idan akwai direban da zai sauka Kwatano a watan nan kuma zai iya ƙarasawa Garan-Popo, ya neme ni a gareji. Akwai turmin atamfa biyu, da kilishi, da babbar robar ajiye ruwa mai murfi da muke son a kai wa tsohuwar nan. Mai tsire ya san bukkar.