Jirgin ceton da na ƙera ya kife bai tashi ba

Ni ɗan Katsina ne, ban taɓa ganin teku da idona ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Jibiya da ta Zobe. Duk da haka na yi wata uku a ɗakina a Ƙofar Ƙaura ina ƙera siffar jirgin ceto a Blender, manhajar ƙera siffofi a kwamfuta, don in saka shi a wasan kwamfuta na koyon tuƙin jirgin ruwa. Ƙannena masu wannan sha'awa, ga inda na yi tuntuɓe.

Na zaɓi samfurin Shannon na ƙungiyar RNLI, masu ceton mutane a tekun Birtaniya da Ayalan tun 1824. Hotuna na tara, na hau aiki da ido kawai, ba awo. Ranar da na tsayar da siffar mutum a kansa, sai na ga ƙofar ɗakin matuƙi ba ta wuce ƙugunsa ba. Tsawon jirgin mita 13.6 ne, da na fara da wannan lamba da na huta. Ku shata tsawo da faɗi tukuna, ku ajiye mutum mai mita 1.7 a gefe har ku gama.

Na kuma maƙala masa farfela, don a zatona kowane jirgi da ita yake tafiya. Shannon ba shi da ita: ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya da ƙarfi, shi ya sa yake iya shiga ruwa marar zurfi har ya hau yashin gaɓa.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin farko. Na shafe makonni ina ƙawa, kowane ƙusa da kowace igiya sai da na sassaƙa, har kwamfutata ta fara sandarewa. Da na jefa shi a ruwan wasan, igiyar ruwa ɗaya ta buge shi, ya kife, ya zauna a kife. Jirgin gaske ba ya haka. An gina shi ne ya miƙe da kansa: injina masu nauyi suna can ƙasa, ɗakin matuƙi kuma a toshe yake ruf, cike da iska, ruwa ba ya shiga. In ya juye, iskar ta ɗago sama, nauyin ya ja ƙasa. Ku tuna gora da aka rufe bakinta, yadda take ƙin nutsewa komai danna ta. Ni kuwa na bar cibiyar nauyi, wato inda nauyin jirgin ya tattaru, a inda manhaja ta ajiye ta da kanta, sama sosai, ban ma san akwai ta ba. Mutane sun yi shekaru suna nazarin wannan don ran masu fita ceto cikin hadari, ni na tsaya a kan fenti.

Yanzu da dunƙulen akwati nake farawa, marar ado. In sa masa nauyi, in sauke cibiyar, in kifar da shi da gangan sau goma. Sai ya tashi duk goman nake taɓa launi. Ƙusoshin kuma a jikin fenti nake zana su, ba wanda ke gane bambanci daga nesa.

Ku riƙa adana aiki da sabon suna kowace rana, kwafi ɗaya a filas. An taɓa ɗauke wuta ina tsaka da adanawa, fayil ɗin ya lalace, aikin sati biyu ya tafi.