TARIHIN RAYUWATA, kashi na 9: Yadda littafin lissafi ya fara zama littafin waƙa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya ne a inda Kawu ya ɗauko ni daga ƙauye ya damƙa min littafin lissafin sitonsa a kasuwar Dawanau, to yau daga nan za mu ɗora.

Wanda bai san Dawanau ba, tana nan kan hanyar Katsina in ka fito daga Kano, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma hatsi kam sai dai ka gani da idonka, gero, dawa, masara, wake, riɗi, zoɓo, waken suya, tireloli na lodi wasu su yi Nijar wasu Chadi da Kamaru, na riɗi su nufi Legas. Aikina bai wuce in rubuta buhu nawa ya shiga nawa ya fita da kuɗin 'yan dako ba. Amma ni tun ina firamare hannuna ba ya zama, sai ya kasance daga bayan littafin nake rubuta duk abin da na gani, faɗan dillalai, ɗan dakon da ke ɗaukar buhu mai kilo 100 yana waƙa, haka dai, zube kawai kamar mai ba da labari.

A 2016 ne, shekarar da naira ta faɗi kaya suka yi tashin gwauron zabi, na fara lura da wata tsohuwa. Kullum in ana lodi sai ta zo da ɗan tsintsiyarta da faifai ta tsuguna gefen mota tana tattara hatsin da ya zube, ta sheƙe, ta tsince, ba ta roƙon kowa ba ta yi wa kowa magana. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na cika shafi da rabi a kanta, na zuba maganar tsadar rayuwa da rashin tausayin masu kuɗi da halin da talaka ke ciki, duk na haɗa.

Akwai wani dattijo da ke zama a bakin masallacin layinmu bayan la'asar, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa, yana rubuta waƙoƙinsa da ajami. Na kai masa na ce, Allah gafarta Malam a duba min wannan. Ya ce in karanta da kaina. Da na gama ya ɗan yi shiru sannan ya ce, "Yaro, a duk wannan me idonka ya gani? Shi nake so, sauran kowa a kasuwar nan ya san shi." Na ce na ga tana tsince hatsi a cikin ƙasa, buhuna na wucewa ta kanta ko ɗagowa ba ta yi. Ya ce to ka sami waƙa, saura awo.

Ranar na fara jin kalmar aruli. Ya ce ilimi ne da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara wa waƙar Larabawa, malamanmu tun zamanin Shehu Usmanu suka ɗora waƙar Hausa a kai, kuma ba wani abin tsoro ba ne, gaɓa ce mai nauyi da marar nauyi kawai kake jerawa. Ya zaɓa min karin da ake kira Mutaƙarab, yana buga yatsa a kan buzunsa yana cewa fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'al, ya ce in tafi da wannan a baki in dinga zuba maganata a ciki, wadda ta zauna ta zauna, wadda ta ƙi in sake mata 'yar'uwa. Ya ce in yi ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, layi biyu ke nan, kuma duk ɗango na biyu ya ƙare da amsa-amo iri ɗaya.

To a nan fa na ga aiki. Ina ƙirga buhu ina rerawa a ƙasan maƙoshi, har Kawu ya tambaye ni ko wuridi aka ba ni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk dogayen maganganun nan nawa na tsadar rayuwa sun ƙi shiga, ka tura ta nan su ɓullo ta can, amma abin da na gani da ido shi kam da na ɗan juya shi sai ya kwanta. Kamar tiya ce, iya cikinta take ɗauka, in ka ƙara sai ya zube. Ga abin da na koma wa Malam da shi:

Tana tsince ƙwaya cikin rairayi,
Buhu na wucewa, tana sunkuye.

Ta ƙulle awonta a bakin zane,
Ana ta rufewa, tana nan tsaye.

Bai karɓi takardar ba, cewa ya yi in rera, don a wurinsa waƙar da ba ta reru ba ba a gama ta ba. Na rera muryata na rawa. Ya sa na maimaita ɗango na biyu, ya ce ka ji? ba ka ambaci talauci ba ba ka zagi kowa ba, amma wanda ya ji buhu na wucewa ta kan mai tsintar ƙwaya ya riga ya gane. Har yau ina ganin a baitin nan na fi faɗin gaskiyar matar nan fiye da shafi da rabin can, don a can ni ne nake ta magana, a nan ita ake gani.

Daga nan na raba bayan littafin kashi biyu, hagu in rubuta abin da na gani zube da zafinsa, dama in bar shi fili sai dare in zauna da fitila in auna. Malam ya ce in cika baiti 20 kafin azumi zai kai ni wurin wasu abokansa da ke haɗuwa a cikin birni suna karanta wa juna waƙa, sai dai ban san Kawu ya riga ya buɗe bayan littafin ya gani ba. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.