Gafakar da na shafa wa man shanu

Wata na uku da kama aiki a wani ɗan ƙaramin gidan adana kayan tarihi a Marwa ta ƙasar Kamaru aka miƙo mini wata tsohuwar gafaka, irin wadda malamai ke saka Alƙur'ani. Lokacin hunturu ne, fatar ta bushe ƙayau, har tsoron buɗe marfin nake yi kada ya tsage. Sai na yi mata abin da muke yi wa takalmi a gida: na lakato man shanu na mulke ta. Nan take ta yi laushi, tana sheƙi. Har hoto na ɗauka, wai ni gwani.

Damina ce ta tona mini asiri. Cikin Agusta na buɗe akwati, wari ya buge ni. Fumfuna ta yi fari fat a bakin ɗinki, jan karan dafin da ke jikin marfin ya koma baƙi-baƙi, kyankyasai sun gaigaye gefe ɗaya.

Na kira wani tsohon baduku daga kasuwa, ya juya ta, ya shinshina. "Ɗana, jimar bagaruwa ce wannan, ta girmi mahaifinka. Wa ya ce maka yunwa take ji?" Na ce, "Baba, gani na yi ta bushe." Ya ce ai ba hanya za ta taka ba, ajiya ce.

Muka shanya ta a inuwa, don rana sai ta ƙara ƙandarar da ita. Na bi fumfunar da burushi mai taushi, a waje, hanci a rufe. Man kuwa ya riga ya shige ƙofofin fatar. Kwana da kwanaki ina dangwala auduga, kaɗan kawai ya fito.

Yanzu kafin in taɓa kowane abu sai na ɗauki hotonsa, na rubuta halin da na same shi, na gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Kayan fata mun ɗaga su daga ƙasa, mun janye su daga bango, mun cusa musu farin ƙyalle wankakke don kada su lotse. Akwai ɗan ma'aunin danshi a rataye. Da ya haura 65 cikin 100 sai mu buɗe akwatuna mu kunna fanka, in akwai wuta.

Gafakar tana nan cikin gilashi. A katinta, ƙarƙashin inda aka rubuta asalinta, na ƙara layi ɗaya da hannuna: an shafa mata man shanu, launin marfin ba na asali ba ne.