Tafiyarmu Jidda da Baturiyar kamfaninmu

Ranar da maigidanmu ya kira ni ofis a Birnin Kebbi, magana ɗaya ya yi: "Malam, kai ka yi Umara, ka san ƙasar. Ka raka baƙuwar nan Jidda, ka kula da ita." Baƙuwar 'yar ƙasar Holan ce, ita ke duba ingancin riɗin da muke fitarwa waje, kuma wani attajiri a Jidda yana son ganin samfuri kafin a yi ciniki. Na amsa babu ko ɗar. Ni Musulmi ne, jiharmu tana bin shari'a, me zai zame mini sabo a Saudiyya?

Ita kuwa tun a mota ta fito da ɗan littafi cike da tambayoyi. Dole ne ta sa abaya? Ta karanta cewa tun 2019 an sassauta wa baƙi mata, muddin sutura ta rufe jiki, amma duk da haka ta sayi baƙa guda ta sa a jaka. Ta miƙa wa namiji hannu, ko ta jira? Sai ta ce, "Malam, ka tabbata ofisoshi na buɗe ranar Juma'a?" Na ce bayan an sauko masallaci komai zai ci gaba, kamar a gida.

Daren Alhamis muka sauka. A can Juma'a da Asabar ne hutun mako, tun 2013 da aka sauya daga Alhamis da Juma'a, aiki kuma Lahadi yake farawa. Kwana biyu muka zauna, kuɗin masauki na tafiya. Ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nata ya fi faɗa yi mini nauyi. Na yi amfani da damar na je Makka na yi Umara. Ita, da yake wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, ta wuni a tsohon garin Jidda tana kallon gidajen nan masu tagogin katako.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar Lahadi ya faru. Dattijon attajirin nan ya karɓe mu a falonsa, turaren wuta na tashi. Ta ɗora hannu a ƙirji ta gaishe shi, shi ma ya yi haka. Aka kawo dabino da gahawa, ruwanta fatsi-fatsi, a 'yan kofuna marasa mariƙi, ana zuba kaɗan-kaɗan. Ta karɓa da dama, bayan kofi na uku ta ɗan girgiza shi, yaron ya gane ta ƙoshi. Ni kuwa hankalina na kan kwanakin da na ɓatar. Ko minti goma ba a yi ba na zaro takardar farashi na ajiye a gabansa. Bai ko dube ta ba. Ya juya ya tambaye ni iyali, ya tambayi damina a ƙasarmu, ya ba mu labarin Hausawan da ya tashi tare da su a unguwarsu. Baƙuwar ta biye masa kusan awa guda, har shi da kansa ya ce a kawo riɗin ya gani.

Kunya ta kama ni, domin wannan tarbiyyar gidanmu ce. Wa zai shiga zauren dattijo a Argungu ko Gwandu ya fara da buƙata kafin a gaisa a tambayi gida da gajiya? Zaman ofis da lissafin kuɗin otal suka mantar da ni abin da mahaifina ya koya mini, ita kuma ta same shi ta hanyar tambaya.

Watan jiya aka ce wasu injiniyoyi za su zo mana daga Indiya. Na zauna na rubuta musu takarda: lokacin sallar Juma'a, yadda ake gaida hakimi, abin da ba a sha a nan. Da na zo kan maganar gaisawa da mata sai na ajiye biro, na tafi wurin Hajiyar da ke riƙe da sashen kuɗi na tambaye ta yadda su suka fi so.